Ƙugiya

Ƙarfe biyun dare a Unguwar Rimi,
janareton maƙwabci ya gaji ya yi shiru.
Daga ni sai baƙin allon umarni,
ɗan ɗigon nan yana ƙifta mini ido.

Na buga sunan babana, Ƙasimu,
sai alamar tambaya ta tsaya a gurbin Ƙ,
kamar na'urar na cewa: wane ne shi?

Na buɗe ɓoyayyen fayil,
na ƙara layi uku, na goge ɗaya,
kada maɓallai su ci gaba da tauna mini harshe,
ƙasa ta koma kasa.

Na rufe, na sake buɗewa.
Shayi ya huce. Caji saura kashi tara.

Na danna.
Ga ta nan da ƙugiyarta,
a karkace, kamar hular Baba
ranar albashi a masaƙar Kakuri.