Gurbi Talatin

Bayan la'asar, gindin gawon Bilbis a Tawa,
Nomau ya share ƙasa da tafin hannu,
ya haƙa gurbi talatin.
Nashi kara goma sha biyu,
na Agali busasshen kashin raƙumi.

Na ce, wa ya fara dara?
Nomau ya ce manomin da ya gaji da jiran ruwa.
Agali ya ce makiyayi ne bakin rijiya,
garke goma, guga ɗaya.
Shekara arba'in ba su shirya ba.

Bara raƙuman Agali suka shiga hatsin Nomau.
Ba a je gaban alƙali ba.
Nomau ya jera uku, ya ci,
ya sake jerawa, ya sake ci,
har zuciya ta huce.
Da idona na ga Agali ya hangi gurbin tsira,
ya kau da kai.

Ludon da ɗana ya aiko daga Abijan
yana cikin ledarsa.
Nomau ya ce allon da ba ya goguwa
riƙo gare shi.

An kira magariba.
Ƙafa ɗaya ta shafe yaƙin,
akuya ta zo tana shinshinar karan.