Hira a Gindin Dutsen Mindif

Hantsi bai dubi ludayi ba tukuna,
Njidda na bin igiya da yatsa kamar mai wanke hanji.
"Rani uku ta sha," in ji shi,
"ga inda dutse ya ci, taɓa ka ji."

Hamajoda ya ce a bi tsagar gabas,
inda jemagu ke kwana.
Dudu ta ce a'a, bara can ƙugiyarta ta zame,
ta yi lilo tana hango bukkoki
kamar tsabar gero a faifai.

Sai zancen inshora ya faɗo.
Njidda ya zaro takarda, duk ta sha gumi:
"Jaka goma nake zubawa duk wata uku.
Zazzaɓi nasu ne, haƙori nasu,
har saran maciji.
Amma wanda ya hau dutse da ƙafarsa,
wai shi ya kai kansa."

Muka yi dariya har shayi ya zube.
Na dubi takalmina, ya wage baki.
Na dubi dutsen: bai sa hannu a takardar kowa ba.

Dudu ta miƙo mini bakin igiya:
"Ƙulla. Yau ni ce inshorarka.
Kada dai ka yi nauyi."