Mai Ƙirgar Ƙuduji

A Wad Madani, bayan ofishin binciken noma,
inda baƙar laka ke tsagewa har ta haɗiye takalmi,
shekara goma sha ɗaya ina durƙuso
da ɗan katako mai kusurwa huɗu.
In jefa shi cikin dawa, in ƙirga abin da ya kewaye.
Su nan buda suke ce masa.
A gidanmu na Mai Wurno ƙuduji ne,
sunan da kakanni suka ɗauko a ka
tare da tabarma da niyyar Makka,
suka iske mai sunan ya riga su sauka.

Ba shi da fuskar ɓarawo.
Ɗan fure ne ja-ja, kamar bai san komai ba.
Amma irinsa ya fi garin tozali laushi,
ya kan kwanta shekaru ba ci ba sha,
sai ya ji ƙanshin saiwar dawa
ya farka, ya kafa baki.
Kafin ka gan shi a sarari ya gama da kai a ƙasa.

Dakta Ihlas ce ke kawo mujallar
cikin jakarta mai karyayyen hannu.
Bango kore, takarda santsi,
ba ta da zance sai na ciyawa.
Ta kan juya mini ita da Larabci muna kurɓar gahawa:
wani a ƙasar sanyi na kuka da hakin da ya daina jin magani,
a fesa masa, ya yi miƙa, ya ƙara ganye.
Wata ta tankaɗe tafin ƙasa guda
don ta san iri nawa ke laɓe ciki.
Akwai ma mai kiwon ƙwaro ya ci masa ciyawa.
Na ce, ashe ciwon bayan nan kowa da rabonsa.

Rannan ta buɗe shafi na ɗari biyu da sha huɗu.
Ga lambobina a jere kamar sahun salla,
na damina shida, har da wadda zazzaɓi ya kayar da ni.
Abin da suka faɗa gajere ne:
ka sa wake kusa, irin ya ji ƙanshi ya fito,
ya lalubi nono bai samu ba, ya mutu da ƙishi.
Can ƙasa, cikin rubutu ƙanana, an gode wa Jibo Tanko.
An ci mini wasali ɗaya. Na yafe.

Bara ta ce an ambace mu sau ɗari da sittin da uku,
daga Habasha, daga Mali, daga wuraren da ban iya faɗa.
Na ce, Dakta, ambato nawa ke cika buhu?
Ba ta yi dariya ba.
Ta daɗe tana goge tabarau.

Da salla na kai wa Inna Barmani labari,
tana tsinkar tafasa a bakin zaure,
tafasar da na gani a mujallar cikin jerin abokan gaba.
Ta ce, wake tsakanin kunya?
Tun kana goye nake yi. Su sai yanzu?
Na yi shiru. Ta ci gaba da tsinka.
Can ta ɗago: to amma me ya sa yake yi?
Na gaya mata zancen ƙanshi, da nonon da babu.
Ta ajiye faifai.
Ta ce, shekara arba'in ina yaudarar maƙiyi
ban sani ba.
Ta sa na maimaita wa maƙwabciyarta, sau biyu.

Yau da hantsi na koma fegi na tara.
Ruwan kwata ya janye, laka na kama gwiwa.
Inda na taɓa ƙirga arba'in da ɗaya
na jefa katako, na duƙa.
Bakwai.
Dokar aiki ba ta yarda in tuge ba.
Na rubuta bakwai, na matsa gaba,
hannuna yana ƙaiƙayi.