Sikelin Mal-sun

A Busan, hawa na huɗu a kantin kayan lantarki,
muka tsaya gaban sikeli goma sha ɗaya,
kowanne da fuskar gilas da nasa alkawari.
Uwata, Seok Mal-sun, ta ƙi kujerar da aka miƙo.
Shekara arba'in tana auna kifi a bakin teku,
takan san nauyin kaguwa tun allura ba ta tsaya ba.

Likita ne ya turo mu.
Ya ce ba kilo ne damuwarsa ba,
tsokarta ce ke janyewa a ɓoye
kamar yadda teku kan janye da asuba
ya bar jiragen ruwa kwance a laka.

Yaron kantin, Tak Gyu-min a rubuce a ƙirjinsa,
bai fara da kuɗi ba, ya fara da tambaya:
"Akwai batirin zuciya a jikinki, Kaka?
In akwai, kada ki taka ko ɗaya."
Ta bugi ƙirji: "Nan ba abin da aka dasa."

Ya ce wannan na ƙafa ne kaɗai,
wutar da ba a ji takan shiga ta tafin dama,
ta kewaya ƙugu, ta fita ta hagu,
abin da ke sama sai dai ta yi kintace.
Wancan kuwa yana da mariƙi,
hannu biyu, ƙafa biyu, har gangar jiki yake bi.
Ruwa na ba wutar hanya, kitse na tare ta,
daga jinkirinta na'urar ke yin lissafi.

Uwata ta taɓe baki.
"Sikelin da ke cinta, a kasuwarmu kama mai shi ake yi."
Duk da haka ta cire safa.

Na zaɓi mai mariƙin, ba mafi tsada ba,
mai manyan lambobi da idonta zai iya gani
ba sai ta nemi waya ko tabarau ba.

Ran farko ya ce jikinta ɗan shekara sittin da ɗaya ne.
Ita da ta ba saba'in baya!
Ta yi dariya har ta riƙe bango,
ta ce a kai wa likita ya sha kunya.
Kashegari, bayan miyar kifi mai gishiri da shayi kofi uku,
lambobin suka sauya sheƙa,
ta ce, "Kin ga maƙaryacin naki ko?"

A hankali muka koyi halinsa.
Da safe, kafin karin kumallo,
bayan ta zaga, ƙafa babu mai,
a dakali mai tauri, ba kan darduma ba.
Na ja layi huɗu a bayan kalanda:
tsoka, kitse, ruwa,
sai kitsen nan da ke naɗe da hanji,
wanda madubi bai taɓa ba da labarinsa ba.
Lambar rana ɗaya jita-jita ce,
sai ta wata uku ke zama shaida.

Ta fara hawa matakalar unguwarmu,
ɗari da tamanin da shida, tana ƙirgawa tana mita.
Ƙwai biyu, awara, kifin da dā sai dai ta sayar.

A watan huɗu layin tsoka ya ɗaga kai,
rabin kilo, ko bai kai ba.
Na kawo kalandar ina rawar hannu.
Ba ta ko duba ba.
Ta sunkuya ta ciccibi buhun shinkafa
daga bakin ƙofa har madafa,
ta dire shi, ta kakkaɓe hannu, ta ce,
"Kilo goma ne cif. Ba su cuce ki ba."