Hannu Biyu

A Katako nake zama, bayan layin masu katako.
Teburina taki biyu ne: dutsen wasa, gwangwanin baƙin mai.
Abincina a bakin wuƙa yake, da adda, da almakashi.

Ran Talata Chollom ya gangaro daga Lamingo,
ya kwance tsohon buhun taki a gabana
a hankali, kamar mai sauke goyo.
Ƙota biyu, kowacce ta fi kamu,
baki a lanƙwashe irin na aku,
tsatsa ta lashe ƙusar, ƙarfen kuwa ko nishi.

Ya ce, "Na kakana ne.
Baturen kuza ya bar masa ranar da zai koma,
a bakin kuɗin wata uku da tsohon ke bin sa bashi."

Na ce, to ka sayi sabo mana.
Ya yi dariya ta hanci.
Ai bara ya je Taminus, shagon Nduka,
ya tarar da uku a rataye:
ɗan Sin mai jan roba,
wani mai ƙotar da ake ja ta ƙara tsawo,
na ukun ɗan Jamus, a bayan gilashi,
ba a sauko da shi sai an auna takalminka da ido.
Kowanne da 'yar takarda a wuya,
an rubuta, an soke, an sake, an soke farashi.

Nduka ya rantse ba shi ba ne.
Dala ta yi tsalle. Kwantena ta yi wata biyu a Legas tana shan rana.
Jirgin ruwa ya kauce wa wani teku da ake harbe-harbe,
ya zago ta bayan Afirka yana shan mai.
Kwastan sun cire nasu, mai tirela nasa,
masu shinge a hanyar Lokoja kowa da tafin hannu a buɗe.
Kafin almakashi ya aske reshe guda
hannu ashirin sun riga sun aske shi.

Ɗan Sin ɗin ya ɗauka.
Damina ɗaya ya yi.
A kan reshen fiya mai kaurin wuyan hannu
bakin ya goce, ya tauna maimakon ya yanka,
itacen ya yi sati yana hawaye,
mai itacen ya yi wata yana fushi.

Ɗansa Davou ya nuna masa a waya:
can yanzu mai batir ake yayi,
yatsa ɗaya, reshe ya faɗi,
wai mai hannu biyu kasuwarsa ta fara tsufa.
Chollom ya ce, "A ina zan yi cajinsa?
Da wutar da kafin ka ce mata sannu da zuwa ta tashi?"

Na taka dutse. Tartsatsi ya watsu.
Sai na tuna ramukan Bukuru da ruwa ya cika,
ƙasar da mata suka kwashe da kwano a ka,
aka loda wa jirgin ƙasa, ya yi kudu da ita.
Wa ya sani ko ɗigonta ya narke a wani ƙarfen can,
ya zaga duniya, ya dawo gida a cikin kwali
don ya rage wa bishiyar tuffa gashi?

Na sa mai, na ɗaure ƙusa, na miƙa.
Ya tsinci karan gwaiba a ƙasa, ya buɗe hannuwa, ya haɗe.
Ƙwas!
Ya duba yankan, sumul kamar an lashe.
Ya ce, "Ka ga? Hannu ɗaya can, hannu ɗaya nan,
ni da kai mu ne karan da ke tsakiya."
Na ce ɗari bakwai. Ya ce biyar.
Muka tsaya a shida, ya ƙara min fiya biyu masu taushi.

Ya naɗe buhunsa, ya tare Keke.

Dutsen wasan nan nawa ma ɗan Sin ne,
ya cinye saura kaurin yatsa.
Gobe da safe zan leƙa wajen Nduka
in ji yadda ya kwana, shi da farashi.