Lissafi a Bakin Teku

Mun sayar da gado, mun sayar da kabad,
da bargunan da suka raba mu da sanyin Bogota.
Keken ɗinkin Marlenis kaɗai ya tsira,
ta zauna a kansa ta ce sai dai a haɗa da ita.

Abin da muka tara shekara bakwai
ya shige gwangwanin kofi, har da sauran wuri.
Na girgiza shi a kunne, na ce wata shida.
Marlenis ta ce huɗu.
Ba ta taɓa kuskuren awo ba.

Jirgin sama ya ci kasonsa, na ruwa ya ci nasa.
Neider ya yi amai sau uku a kan takalmina,
ƙanwarsa Saray kuwa sai barci, kamar goya ta tekun ya yi.
Da Providensiya ta ɗago kai daga ruwa,
koriya shar, kamar kunkuru ya fito shan iska,
sai cikina ya ɗuri ruwa:
duk faɗin shuɗin nan, ba hanyar komawa da ƙafa.

Mis Orvelia ta ba mu ɗaki biyu a bayan gidanta,
na katako, tsaye bisa dogayen ƙafafu.
Ta buga tankin ruwan sama da sanda ta ce,
"Ga bankinku nan. Kada ku yi wankan masu kuɗi."

Ba wanda ya gaya mana albasa ma fasinja ce,
sai ta biya kuɗin jirgi kafin ta ga tukunya.
Makon da iska ta hana jirgin kaya zuwa,
kantin Alston ya koma katako da ƙudaje.
Muka koyi cin abin da bishiya ta yar,
da kifin da maƙwabci ke miƙowa ta taga, ba magana.

In yara sun kwanta
sai mu zazzage gwangwani a kan katifa,
mu ƙirga sannu a hankali, ko zai ji kunya ya ƙaru.
Wata na biyu. Wata na uku.
Na fara tambayar kuɗin komawa a ɓoye.

Ga kuma gishiri.
Gishiri a iska, a labule, a makullin ƙofa,
ya ci zik ɗin jakata, ya fara lasar keken ɗinki,
Marlenis na shafe shi da man kwakwa kamar jinjiri.
Na zage shi safe, na zage shi yamma,
har ran da firjin Alston ya mutu da kifi fal cikinsa.
Na kwance bayansa: tsatsa har wuya.
Shekara sha ɗaya ina gyaran firji a birni,
ban taɓa ganin gona irin wannan ba.
Kafin rana ta faɗi ya yi tari ya tashi.
Kafin Lahadi gida biyar sun aiko yaro.
Ashe maƙiyin nawa ne ke yi mini talla.

Da ruwan farko ya sauka
baƙaƙen ƙaguwoyi suka gangaro daga dutse,
dubbai, ɗauke da ƙwai, suka rufe titi,
aka tsayar da babura saboda su.
Neider ya ce, "Ina za su?"
Na ce teku, za su kai 'ya'yansu.
Ya ce, "Sun tabbata akwai abinci a can?"
Na rasa ta cewa.
Marlenis ta yi dariya har ta dafa kafaɗata.

Yau wata na biyar.
Gwangwanin bai cika ba, bai kuma yi shiru ba.
Saray ta fara magana,
rabi harshenmu, rabi na Mis Orvelia,
kalmarta ta farko ba baba ba ce, jirgi ce.
Marlenis na ɗinke rumfar kwalekwalen wani masunci,
zare a baki, ba ta ko ɗago ba:
"Ni na ce huɗu."
Na ce, "Kin ce."
Ta ce, "To, kada ka saba."