Sawun Giwa a Bakin Gaji

Ni ne Ɗanlami ɗan Barde, mutumin Mainamaji,
jikan masu baka da kwari, masu dafa dafi a tsakar daji.
Ubana ya rasu bai taɓa jin labari ba
wai a biya kuɗi don a dubi ɓauna,
a dube ta kawai, a bar ta ta wuce.
Ni kuwa tuwona ke nan.

Ranar Laraba, ana sallame asuba,
motar baƙi ta tsaya a bakin ƙofa.
Mutum shida, da gorunan ruwa da madubin hangen nesa.
Cikinsu akwai Mbela, doguwa, daga can kudu,
ƙasar da ta ce damina ba ta sallama,
inda itatuwa suka haɗa kai a sama
har rana sai ta nemi izini kafin ta taɓa ƙasa.
Hausarta ta masu tsire ce, a bakin tukuba ta tsince ta.

Ta dubi marke, ta dubi ƙirya,
kowanne tsaye shi kaɗai kamar magada bayan rabon gona,
ta ce, "Malam, wannan ne dajin?"
Na haɗiye abin da ya taso mini. Na ce, "Mu je tukuna."

A gangaren Gaji na ɗaga hannu, direba ya kashe mota.
Ga kashi, tuli guda, yana tururi,
ƙwallon aduwa a ciki ko narkewa bai yi ba.
Ga sawu, faɗin faifai, ruwa bai gama taruwa a ciki ba.
Kafin in buɗe baki Mbela ta durƙusa,
ta tsoma yatsa, ta shinshina,
ta ce, "Ba su yi nisa ba. Da ɗa a cikinsu."
Na dube ta. Ta yi dariya:
"Kakana ma da mashi ya ci abinci."

Sai ga su. Goma sha ɗaya, sau biyu na ƙirga,
uwar garke a gaba tana fifita da kunnuwa.
Burtu ya fasa tafiya.
Masu hoto suna ta ƙyas-ƙyas,
ita ko hannu ba ta ɗaga ba. Ta ce a hankali,
"A wurinmu jin su muke yi, reshe ya karye, ƙasa ta amsa.
Shekara talatin ban taɓa ganin giwa
daga hanci har wutsiya a kallo ɗaya ba."

Da rana Wikki ya wanke mana gajiya,
ruwa mai ɗumi, garau, kana ganin yashi tsakanin yatsunka.
Gwaggon biri ya sure masar da Ladidi ta toya mana,
ya haye kwano yana ci yana kallonmu
kamar mai karɓar haraji.

A hanyar komawa ban ɓoye musu Kawu Sambo ba.
Yana tsaye a gonarsa, dawa kwance, kara a tattake,
aikin dare ɗaya na waɗanda muka yaba da safe.
Ya ce, "Ku kun ɗauki hoto, ni na ɗauki asara."
Ba wanda ya amsa.
Mbela ta ce rogo suke tone musu a can.
Ta zauna kan kunya, ta zana masa a ƙasa
yadda suke jera amya a gefen gona, don giwa na shakkar zuma.
Kawu ya ce zai gani. Bai ce ya yarda ba.

Da magariba ta hangi kwarin ubana rataye a zaure,
fata ta bushe, kibau bakwai, tsatsa ta ci bakinsu.
Ta tambayi kuɗinsa.
Na ce ba na sayarwa ba ne.
Ta ce, "Madalla. Da ka sallama, da ban dawo ba."

Sun tafi. Na share zaure, na rufe kaji.
Gobe wasu ne kuma, daga Jos aka ce.
Sawun nan na bakin Gaji, yanzu ruwa ya cika shi,
wataƙila gada na sha a ciki.